Tulun da Ummu Khalaf Ta Fasa

Abin da Nabawiyya ta rasa a shekarar nan suna ne, sunan da ta daɗe tana ɗaga hanci da shi a kasuwar ƙauyensu da ke gefen Kina, a kudancin Masar. Abin da ta samu kuwa suruka ce, da jika daga baya, da wani tulu da har yau ba ta yarda kowa ya kai bakinsa gare shi ba. In ka tambaye ta ko cinikin ya yi riba, sai ta harare ka ta ce ita ba ta taɓa faɗuwa a ciniki ba.

Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da shagon hatsinsa, ita ta raini ɗansu tilo, Khalaf, har ya zama malamin makaranta. Dillalan alkama in sun hango baƙin mayafinta sai su fara rage farashi tun kafin ta buɗe baki. Karatu dai ba ta yi ba. Kalma ɗaya tak take ganewa a rubuce, ita ce wadda ke kan allon shagon: Atik. Sunan gidan mijinta ke nan.

"Atik, wato daɗaɗɗe," haka take faɗa wa duk wanda ya tsaya. "Tun kafin a shuka dabinon farko a garin nan muna nan."

Rigimar ta taso ne a tsakar gidanta. Zazzaɓi ya kayar da ita, sai Rawiya, ma'aikaciyar jinya a asibitin ƙauyen, ta riƙa zuwa tana yi mata allura. Ranar da ta zo duba ta na ƙarshe, ta zo da sabon tulu daga wurin gashin tukwanen mahaifinta, Usta Dandarawi mai tukwane.

"Ga shi, Inna. Ruwan firij yana tayar miki da tari, wannan kuwa sanyinsa na lafiya ne."

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Hannunki ba zafi."

Khalaf da ke tsaye a bakin ƙofa ya ga fuskar uwarsa a sake, ya ɗauka lokaci ya yi. Ya gyara murya.

"Umma, tunda kin yaba da hannunta... ita ce wadda nake ta so in yi miki maganarta."

Nabawiyya ta tashi zaune kamar ba ita ce ke jinya ba.

"Wa? Wannan? 'Yar mai kwaɓa laka?"

"Umma!"

"Rufe mini baki! Jinin Atik za ka kai cikin taɓo? Ashe allurar nan da ake ta caka mini, tarko ake ɗana wa ɗana! Ke, ɗauki jakarki!"

Rawiya ta haɗa kayanta, hawaye na zuba, ta nufi ƙofa. Tana sa ƙafa a waje Nabawiyya ta suri tulun ta bi ta, ta maka shi da ƙasa a bayanta — tas! Duk layin ya ji, kuma kowa ya san ma'anarsa: wanda aka fasa tulu a bayansa, an ce masa kada ya ƙara tako gidan har abada.

Daga ranar gidan ya zama kamar gidan makoki. Khalaf bai ɗaga wa uwarsa murya ba, bai kuma janye ba. Ta kawo masa hotunan 'ya'yan manya, ya mayar mata ba tare da ya duba ba. Ta dafa masa miyar lalo da zomo, ya ci loma biyu ya wanke hannu. Rawiya ma masu nema suka yi ta zuwa tana korarsu. Da Khalaf ya aika mata cewa su tafi birni a ɗaura musu aure a can, sai ta mayar da amsa: ita ba za ta shiga gidan da uwa ke kuka ba, ko da uwar ce ta fasa mata tulu. Za ta jira.

Wata rana da safe, Nabawiyya na cikin zayyano masa girman kakanni, ya ajiye kofin shayi.

"Umma, kullum Atik, kullum Atik. Gidan Sharif Abul Majdi ga bishiyar nasabarsu can an sa a gilashi an rataye. Mu ina tamu?"

"Shaida kake nema a wurina? Ni?"

"Tambaya na yi."

"To sa takalminka! Kundin tsohuwar kotun lardi yana nan, ba a ƙone shi ba. Zan kawo takardar, in sa a yi mata gilashin da ya fi nasu, in rataye ta inda kullum za ka buɗe ido a kanta!"

Hanyar tashar mota ta bakin layin masu tukwane take bi. Usta Dandarawi na zaune yana jera tuluna a rana, laka har gwiwar hannu. Labari ya riga ya iske shi.

"Ummu Khalaf," ya ce a hankali, "don Allah ki koma gida. Waɗanda suka kwanta ki bar su su huta."

"Ka ji tsoro ke nan! Tsoro kake in duba in ga ko sunan kakanka babu a ciki!"

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

Abin bai zo da sauƙi ba. Suka yi ta sintiri a ofishin ajiyar, yau a ce su kawo takardar haihuwar marigayi, gobe a ce ta kakansa. Nabawiyya har kan sarki ta nemi a yi mata ragi.

"Hajiya, kan sarki ne na gwamnati," in ji ma'aikacin, wani mai ƙaton tabarau da ake kira Ustazu Sabri.

"Gwamnatin ba ta san marayu ba? Guda uku zan saya, ka ce babu ragi?"

A hankali sunayen suka haɗu: Khalaf ɗan Abdurradi, ɗan Hammam, ɗan Salim, ɗan Bakhit. A kan Bakhit aka tsaya. Ustazu Sabri ya sauko da wani ƙaton kundi da asu ya ci gefensa, yana buɗewa a hankali. Nabawiyya ta kafa ido, tana bin layukan da ba ta gane komai a cikinsu. Can sai ta daka tsalle ta dangwala yatsa.

"Ga shi nan! Atik! Wallahi shi ne, irin na allon shagona! Khalaf, zo ka gani da idonka! Ustazu, karanta da ƙarfi, kowa ya ji!"

Ustazu Sabri ya duba, ya ɗago, ya sake dubawa.

"Hajiya, ko in ba ɗanki ya karanta miki a gida?"

"Na ce da ƙarfi! Kuɗina na biya!"

Ya karanta. "Ya bayyana a gaban alƙali, Bakhit, atik na Mu'allim Jadurrabbi mai tukwane, wanda ya 'yanta shi don neman yardar Allah, bayan ya tsamo ɗansa daga kogi, ya kuma mallaka masa filin da ke gabas da masallaci..."

"Dakata. Atik na wa? Yaya mutum zai zama daɗaɗɗen wani?"

"Kalmar fuska biyu gare ta, Hajiya. A bakin mutane, daɗaɗɗe. A harshen kotu kuwa, atik shi ne bawan da aka 'yanta."

Filin da ke gabas da masallaci, nan gidanta yake. Jadurrabbi kuwa, babu wanda bai san sunan ba a ƙauyen: shi ke rubuce a bakin wurin gashin tukwanen Usta Dandarawi.

"Ƙarya ne!" ta daka tsawa. "Nawa ya ba ka? Nawa mai lakar nan ya ba ka?"

"Hajiya, tawadar nan ta girmi kakana."

A mota ba ta yi wa Khalaf magana ba. Suna sauka ta fizge hannunta daga nasa, ta nufi layin masu tukwane kamar za ta tashi sama. Ta tarar da Usta Dandarawi a gaban na'urar ginin tukwane, Rawiya na miƙa masa shayi.

"Ka sani!" ta ce. "Duk shekarun nan ka sani! Ina wucewa ina ɗaga kai, kai kana nan kana yi mini dariya a ciki!"

"Ban taɓa yi miki dariya ba. Zauna, Ummu Khalaf."

"Ba zama ya kawo ni ba, ciniki ya kawo ni. Faɗi farashin bakinka. Gonar rakena ta bakin ruwa — rabi."

"A'a."

"Duka, to! Kada ka ga na zo ka ɗauka ban san kan ciniki ba. Da awarwarona na zinariya. Daga nan ban ƙara ko ƙwayar alkama!"

"Abin da kike son saye, kyauta kike samunsa tun kafin a kawo ki garin nan." Ya goge hannunsa a jikin rigarsa. "Ubana ya gaya mini, shi ma ubansa ya gaya masa, kowa da rantsuwar ba zai fitar ba. Kin san dalili? Ba ku muke rufa wa asiri ba, kanmu muke rufa wa. In akwai abin kunya a takardar nan, yana kan wanda ya sayi ɗan Adam da kuɗi, ba kan wanda aka saya ba. Kakan uban mijinki ya faɗa kogi lokacin cikowar ruwa ya fito da yaro a hannu. Yaron nan shi ne kakana. Ba don Bakhit ba, da babu ni, babu wannan da kika fasa wa tulu."

A karon farko a rayuwarta Nabawiyya ta rasa abin da za ta taya. Ta juya ga Rawiya.

"Ke ma kin sani?"

"Na sani, Inna."

"Ranar da na ce miki 'yar mai kwaɓa laka, kin sani? Kika fita ba ki jefe ni da shi ba?"

"Uwar Khalaf ce ke. Da wane baki?"

Sai ga hawaye, na haushi da na kunya a haɗe. Nabawiyya ta share su da gefen mayafi da ƙarfi, kamar su ma laifi suka yi mata.

"Ni ba na karɓar kyauta," ta ce. "Ban taɓa kwana da nauyin kowa a kaina ba. Sai ka yanka farashi, Usta, ko in kwana a nan."

"To, akwai tulun da kika fasa. Shi za ki biya."

"Tulu? Zan ba ka kuɗin tulu ɗari!"

"Ba da kuɗi ba. Zan ba ki sabo. Ki ɗauke shi a kanki ranar kasuwa, da rana tsaka, daga nan har ƙofar gidanki, 'yata na biye da ke. A inda kika fasa wancan, a nan za ki tsaya ki ba ta ruwa da hannunki, ki ce mata ta shigo."

"Ranar kasuwa? A gaban dillalai? Da asuba dai!"

"Da rana."

"To bayan la'asar, in an fara watsewa."

"Da rana, Ummu Khalaf."

"Ta bayan gari, ta hanyar gonaki."

"Ta tsakiyar kasuwa."

Ta dube shi sama da ƙasa, irin kallon da take yi wa buhun da ta san ba algus a cikinsa.

"Wallahi da hatsi kake sayarwa da ka kashe mini kasuwa. Amma tulun ni zan zaɓa, kuma kada a ba ni mai tsaga!"

Haka aka yi. Ta ratsa kasuwa da tulu a ka, wuya a miƙe, duk wanda ya buɗe baki ta watsa masa harara. A ƙofar gida ta tsiyaya ruwa ta miƙa wa Rawiya, ta ce, "Shigo, 'yata," da ƙarfin da duk layin da ya ji fashewar tulun farko ya ji wannan ma. Khalaf ya durƙusa ya sumbaci hannunta yana kuka. Kafin wata ya ƙare aka karanta Fatiha, aka sha jan sharba, abin shan zaƙi na biki.

Takardar kuwa, babu wanda ya nemi ta fito da ita. Ita da kanta ta koma wurin Ustazu Sabri ta karɓo kwafi, ta yi rigima da mai gilashi har ya rage mata, ta rataye ta a shago ƙarƙashin allon. Duk wanda ya tambaya sai ta ce, "Kakanmu ne. Shi ya shiga kogi lokacin da masu asali ke tsaye a gaɓa suna ihu."

Masu haƙuri biyu sun sami abin da suka jira ba tare da sun saɓa wa uwa ba. Wanda kuma ke taka mutane da sunan kakanni, ya fara sanin abin da sunan ke nufi, don mutum da aikinsa ake auna shi, ba da abin da aka rubuta a allo ba.

Matan layin har yanzu sukan tsokane ta, su ce, "Ummu Khalaf, a nawa kika sallama ɗan naki?"

Sai ta gyara zama kusa da tulunta ta ce, "Na taya da gona, na ƙara da zinariya, aka ƙi. Tulu ɗaya, a ka, da rana tsaka. A haka na sallama."