Hannun da Ya Murɗa Makulli

Ba a banza aka laƙaba wa bakaniken nan suna Mai Kunne ba. Ba ya kwance inji kafin ya faɗi ciwonsa. Sai ya ɗora tsinin doguwar sukundireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunne, ya runtse ido, sannan ya ɗaga hannu sama. Kowa a gidansa ya san wannan alamar: a murɗa makulli. Bakanike ba ya iya zama a kujerar direba alhali kansa na cikin bonet, dole sai da hannun wani. 'Yarsa tilo, wadda ake kira 'Yar Baba, tun ƙafarta ba ta kai totur ba take yi masa wannan aikin. Da ta hango bonet a buɗe sai ta jefar da abin da ke hannunta ta ruga, tana leƙen hannun babanta ta gilashi. Duk duniya babu abin da yake so kamar yarinyar nan.

Kunnen nan nasa shi ya cuce shi, don ya sa masa girman kai. Wata rana aka kawo wata jar motar tsere kasuwa, mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Tarihinta ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya taɓa mallakarta sai da injin ya buga a hannunsa, ya sauke, ya ɗaura, ya gaji ya rabu da ita. Har dillalin, wanda ba a san shi da tausayi ba, sai da ya ce, "Mai Kunne, wannan fa kyan fuska ce kawai."

"Ba ta haɗu da likitanta ba ne," in ji shi.

Ya sayar da rumfar garejinsa ya saye ta, da niyyar ya gyara ya sayar wa 'ya'yan masu kuɗi, ya huta da kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. Ya sauya fistin, ya sauya ringi, ya wanke, ya ɗaure. Ta tashi lafiya, ta yi 'yar tafiya, sai ƙwas-ƙwas-ƙwas, ta mutu a tsakiyar titi. Ya sake saukewa. Kayan ɗakin matarsa suka bi, tukunyar gidan ta fara kwana a kife. Ƙanensa da ke zaune tare da su ya daina yi masa ba'a, abin ya wuce dariya. Ranar da aka koro 'Yar Baba daga makaranta saboda rashin biyan kuɗi, Mai Kunne ya shiga motar ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka kamar yaro.

A wannan halin ne wani ya raɗa masa labarin wani tsohon boka da ke bayan filin 'yan gwangwan.

Da rana tsaka ya je, amma cikin wurin duhu ne. Gangar jikin wata tsohuwar bas ce marar taya, an toshe tagoginta da fatun dabbobi. Warin jini da na ƙonannen mai ya tare shi tun daga ƙofa. Daga rufin, makullan mota ne rataye da baƙin zare, birjik, suna kaɗawa suna ƙara alhali babu iska. Bokan na zaune inda kujerar direba take a da, ido ɗaya fari fat.

"Jar motar ce," in ji tsohon, tun kafin a gaishe shi. "Gyara kake so ko arziki?"

Mai Kunne ya durƙusa. "Duka biyun, Baba."

"Haka kowa ke cewa. Miƙo makullin."

Tsohon ya tsiyaya baƙin mai a ƙoƙo, ya tsaga yatsan Mai Kunne da reza har jini ya ɗiga ciki, ya barbaɗa wani toka-tokan gari. Ya sa shi ya yi ta hura numfashi a ƙoƙon har jiri ya kwashe shi. Man ya fara tafasa ba wuta. Tsohon ya tsoma makullin, ya fito da shi da ɗumi kamar naman da aka yanka yanzu.

"Ka zuba wannan a injin. Kullum da safe ka tashe ta, arziki zai biyo ƙararta har ƙofar gidanka. Amma akwai ranakun da za ta ƙi tashi. A irin ranar, yunwa take ji, kuma numfashi take ci. Wanda ya murɗa makulli, nasa za ta ɗiba."

Mai Kunne ya ja da baya. "Kashe ni za ta yi ke nan?"

"Kai mai ita ne, kaɗan-kaɗan za ta riƙa ɗibar naka."

"A ba ta rago mana, Baba. Ko sa. Zan saya."

"Rago na murɗa makulli?"

Sai Mai Kunne ya yi tambayar da bai kamata ta fito daga bakin mai iyali ba. "To in wani ne ya murɗa fa?"

Tsohon ya yi murmushi, baki ba haƙori. "Ita ba ta zaɓe."

Mai Kunne bai tambayi nawa take ɗiba daga wanin ba, tsohon kuma bai faɗa ba.

Motar ta tashi da wani irin gurnani mai daɗi da ke tsayar da masu wucewa. Kafin a ce me, masu kuɗi sun fara layi da motocinsu, wai sai wanda ya gyara jar motar. Ya buɗe katafaren gareji, ya buɗe wurin sayar da motoci, ya gina bene. Waɗanda suka yi masa dariya suka koma rusuna masa. In ta ƙi tashi, shi yake murɗawa da kansa, ya fito yana haki da tari, ya ce mura ce. Ya hana kowa taɓa ta, har 'Yar Baba, wadda ta yi ta fushi ba ta san dalili ba.

Amma sabo mugun abu ne. Wata safiya ta ƙi tashi, ya buɗe bonet yana sauri, ya kara sukundireba, hannunsa ya ɗaga da kansa. Ƙanensa na wucewa ya gani.

"Na zo, Yaya!"

Injin ya ɗauka nan take. Kafin Mai Kunne ya zagayo, saurayin ya kife a kan sitiyari, ƙirjinsa na ƙwas-ƙwas-ƙwas irin ƙarar da motar ke yi a da. Bai kai asibiti ba. Likita ya ce zuciya ce. A watan nan kuwa ciniki ya ninka, motar ta daɗe ba ta nemi komai ba, tarin Mai Kunne ya lafa. Ya lura da hakan, kuma abin kunyar shi ne har ya ji sauƙi a ransa.

Da yunwarta ta dawo, ta dawo da ƙarfi. Ya rame, yana tofar da baƙin majina, hawa benen da ya gina ya gagare shi. Sai ya fara lallashin kansa: wataƙila da ma kwanan yaron ne ya ƙare. Ran nan ya tsaya gaban motar, gumi na zuba, ya kira matarsa.

"Don Allah ɗan murɗa min, hannuna duk mai."

"Ba kai ka hana ba?"

"Yau kaɗai."

Baiwar Allah ta goge hannu a zane ta shiga. Tana murɗawa ta ji abu ya ja ta daga ƙirji, ta fizge hannu da ihu. Ba ta mutu ba, amma hankalinta bai fito daga motar ba. Tun daga ranar take zaune a ƙuryar ɗaki tana gurnani kamar inji, ba ta gane ko 'yarta. 'Yar Baba ce ke ba ta abinci a baki tana kuka.

Ya rarrafa ya koma wurin tsohon, ya zube. "Baba, saura yarinyar kaɗai. Ka raba ni da abin nan."

"Abu mai sauƙi. Ka tsiyaye man da ka zuba, da hannunka. Amma duk abin da ya shigo ta dalilinsa zai bi shi."

"Duka? Ko gidan ba za a bar min ba?"

"Ko cokali."

Mai hankali da a ranar zai yi. Mai Kunne ya ce bari a gama cinikin da ke hannu, bari a ɓoye wani abu da sunan yarinyar, bari gobe. Sai da ya wayi gari numfashinsa na fita da ƙyar sannan ya ɗauki sifana da roba ya sauka. Ya sa makulli don ya saki sitiyari, ya tura motar inda zai iya shiga ƙarƙashinta, ya bar makullin a jiki kamar yadda kowane bakanike ke yi. Ya buɗe bonet zai cire murfin mai. Gumi ya shiga masa ido, ya ɗaga hannu zai share.

Bai san 'Yar Baba ta fito da kwanon uwarta ba. Ta ga bonet a buɗe, ta ga kan babanta a ciki, ta ga hannu a sama. Rabon da ya neme ta wannan aikin an daɗe, har ta ɗauka ya daina sonta. Da murna ta ajiye kwanon ta ruga.

"Baba, in tayar?"

"A'a!"

Ƙarar injin ta haɗiye muryarsa. Bai taɓa jin ta tashi da daɗi irin na ranar ba.

Ya ciro yarinyar ya kwantar a ƙasa, ya kara kunnensa a ƙirjinta, kunnen da ke jin ciwon ƙarfe ta cikin ƙarfe. Ya saurara, ya sake saurara. Babu komai.

Dukiyar ba ta jira a tsiyaye man ba. Gobara ta ci garejin, benen ya koma hannun wasu, dangi suka zo suka tafi da matar. Shi kuwa yana nan yana yawo a bakin titi, ya ɗaure hannunsa na dama a ƙugu da tsohuwar wayar baturi, tam, har ta ci nama. In wani ya tausaya ya zo zai kwance, sai ya fasa ihu yana roƙo kada a bari ya ɗaga.

Kai da kake ganin abin hannunka ya yi maka kaɗan, ka dubi mutumin nan da kyau. Boka bai yi masa ƙarya ko ɗaya ba, da ƙafarsa ya je, da bakinsa ya tambaya ko wani zai iya biya a madadinsa. Duk arzikin da aka ce sai da numfashi, ka sani ba na baƙo zai ci ba, na wanda ya fi saurin amsa kiranka zai ci. Jar motar kuma tana wurin dillali, an wanke ta tana sheƙi, kuma jiya an ga wani yana zagaya ta yana tambayar ko injin na da matsala.