Taragon Kwarin Tarka

Gab da magariba muka baro kasuwar Belbeji a kan moto, wato babur, ni da maƙwabcina Ila. A kwarin Tarka ruwa ya kece, moto ya mutu. Can cikin ƙayoyi muka hango wani dogon abu baƙi.

"Akwatin kamiyo ne," in ji Ila, yana nufin bayan babbar mota. "Mu fake."

Ni da na yi ƙuruciyata ina sharar taragun jirgin ƙasa a Kano, kallo ɗaya na san tarago ne. Kuma duk Damargu ba a taɓa shimfiɗa layin dogo ba. Da mai hankali ne, da ya juya. Ni kuwa ɗoki ya ɗebe ni, wai sai na gane wane iri ne. Muka shiga.

Bencin katako. Taga mai igiyar fata. Warin hayaƙin kwal da gumin mutane. Tsohon iri ne na doguwar tafiya, wanda tun a zamanina an jibge su bayan tasha. Na taɓa benci, na ji shi da ɗumi.

Ƙofa ta rufe, garam.

Ila ya lalube ta. "Zakiyyu," ya raɗa mini, "babu mariƙi."

Ƙasa ta motsa. Kakat-kakat, kakat-kakat.

Wani ya yi tari. Wata tana lallashin jariri. Ni ban ga kowa ba. Daga ƙarshen tarago takalmi na tahowa, yana tsayawa a kowane benci, ƙarfen huda tikiti yana cewa ƙyas.

Tsoro ya kama ni. Sai na tuna, irin wannan ƙofa daga waje ake buɗe ta. Na saki igiyar, taga ta faɗi, na zura hannu na murɗa.

"Ila, diro!"

Yana zaune.

"Wannan dattijon ya matsa ya ba ni wuri," ya ce a hankali. "Ai rashin kunya ne in tashi."

Ƙyas, daidai ƙeyata.

Na faɗa cikin ƙaya.

Washegari muka dawo da jandarma. Babu tarago, babu Ila, babu ko sawu.

Matar Ila, Raishatu, ta sha tare ni a hanya. "Malam, kai ka san jirgi. Yaushe yake juyowa?" A ƙarshe ta daina tambaya. Yanzu duk yammar da hadari ya haɗo, sai a gan ta ta nufi kwarin da ƙullin kayanta a ka.