Kasko a Jirgin Rayyis Dahab

Sufeto Mirgani bai ko kai kofin shayi bakinsa ba Rayyis Dahab, matuƙin jirgin ruwa, ya faɗo caji ofis na Abu Simbel, rawani a warware, gumi har gemu.

"Basha, ranka ya daɗe, an kashe ni! An sace jirgina!"

"Zauna tukuna. Wanda aka kashe ba ya irin wannan ihun."

Babu wanda bai san Dahab ba a bakin tafki. Shi ne mai farin jirgin nan da rumfa, wanda yake ɗaukar Turawa jan fatsa: a saki kifin roba a bayan jirgi, a yi ta tafiya sannu-sannu har giwan ruwa ya ruɗu ya haɗiya. Matarsa Zahiya ta sha faɗa a gidan biki, a gaban kowa, cewa da jirgin nan ya iya dafa wake da tuni an sallame ta.

"Na zo da sassafe da baƙina," in ji Dahab, "sai igiya kawai na tarar."

"Akwai wanda ya taɓa roƙonka aron jirgin ka hana shi?"

"Babu!"

Amsar ta yi saurin fitowa, mai ita kuma ƙasa yake kallo. Mirgani ya ajiye wannan a ransa.

Kafin la'asar 'yan sandan ruwa suka janyo jirgin. A wani tsibiri suka same shi, ɗaure a sansanin wani masunci, Hamam, mutumin Sohag da ya zo cin rani da tarunsa. Sandar fatsa mafi tsada, wadda Dahab yake goge wa ƙura da gefen rigarsa, babu ita. Aka shigo da Hamam da ankwa. Idan laifin ya tabbata a kansa za a ƙwace masa izinin su, ya koma garinsu hannu biyu, alhali bakunan gidansa duka a kan tarun nan suke.

"Ga ɓarawo nan, me kuma ake jira?" in ji Dahab.

"Ni ake jira," in ji Sufeto.

Ya shiga jirgin shi kaɗai. Tankin mai ya bushe ƙayau. Na'urar nan mai nuna ƙasan ruwa, wadda matuƙa suke kira talabijin ɗin kifi, tana nan lulluɓe da rigarta, ba a ko taɓa ta ba. Ɓarawon da ya bar wannan ya ɗauki sanda, lallai bai je makarantar sata ba.

Da ya duƙa ƙarƙashin kujera sai ya ga ɗan kasko na yumɓu, da dawa a ƙulle a tsumma, da ɗanyen reshen dabino.

Ya daɗe a durƙushe. Shi a gidajen da gwamnati ta gina a bayan Kom Ombo aka haife shi, bayan madatsar ruwa ta cinye garuruwan kaka da kakanni. Bai taɓa ganin Serkeda, garinsu na asali, ba, amma ya san ta lungu-lungu daga bakin mahaifiyarsa: dabinai har bakin kogi, farantan ado a saman ƙofofi, da dutsen bayan gari wanda maƙabarta ke kwance a gindinsa. Duk ranar ziyara takan kai kasko kan kabari, ta zuba ruwa da dawa don tsuntsaye su ci ladan ya je wa mamaci, ta kafa reshen dabino. Ta yi wa matattun sabon gari. Na tsohon gari kuwa, sai dai ta fuskanci kudu ta yi shiru har abinci ya kama a tukunya.

Kaskon nan a bushe yake, ƙullin dawar ma ba a kwance ba. Wanda ya kawo su bai isa inda za shi ba.

Ya sa aka fito da Hamam daga bayan kanta.

"A ina ka samo jirgin?"

"Yana yawo a ruwa, Basha, wajen Ci-ƙugiya. Babu kowa a ciki."

"Babu kowa?"

"Ko kyanwa."

"To mayafin wuyanka da na gani ɗaure a gefen rumfa fa? Kujera ka yi wa inuwa, kada rana ta dame ta?"

Hamam ya shafa wuyansa, ya ji wayam. Ya sunkuyar da kai.

"Kai, Hamam, ka san abin da za ka rasa?"

"Na sani."

"Sandar fa?"

"Wallahi ban taɓa ganinta ba. Wannan kam in ka kawo Alƙur'ani zan dafa."

"Sauran maganar fa, za ka dafa?"

"Basha, a garinmu in mutum ya ba da kalmarsa ya bayar. Mayar da ni ciki kawai."

Sufeto ya fita ya sami Dahab yana zagaye jirginsa kamar mai jinya.

"Rayyis, mene ne Ci-ƙugiya?"

"Wani dutse ne a ƙarƙashin ruwa. Kansa bai yi nisa da sama ba, duk kifin robar da ya bi ta kai sai ya maƙale. Manyan giwan ruwa na son wurin, amma mu gefe muke bi, asara ta ishe mu."

"Dutsen wane gari ne, kafin ruwa?"

Dahab ya hau gyaran rawanin da babu abin da ya same shi.

"Mu je gidanka, na ji ana yabon shayin Zahiya."

Zahiya kuwa, Allah ya ba ta lafiya, ba a tambayarta sau biyu, sau ɗayan ma ba dole ba ne. Tana zuba madara a shayi tana zuba zance.

"Ni dai Basha ban ce komai ba. Amma Hajja surukata yau ba ta sha shayin safe da mu ba, ta ce tana gidan maƙwabta. Na leƙa, maƙwabtan sun tafi Aswan tun jiya. Sai ga ta da rana tsaka ta ƙofar baya, gefen riga sharkaf. Yanzu kuma lalle ta ƙunsa. Lalle, Basha! Babu biki babu suna, a shekarunta!"

"Zahiya!" in ji Dahab.

"Me na ce? Lalle na ce."

Hajja Nabra, mahaifiyar Dahab, tana zaune a kan tabarma a inuwar bango, 'yar ƙarama kamar a ɗauke ta da hannu ɗaya, hannuwa biyu a naɗe da tsumma. Tsofaffin bakin tafki sun san ta. Lokacin da mutane suka fara dawowa kamun kifi a tafkin, ita ke riƙe inji mijinta yana jan fatsa, kuma an ce ta fi shi iyawa, ko da yake ba a gabansa ake faɗa ba.

Mirgani ya durƙusa ya gaishe ta.

"Kai ne ɗan Sakina ta gidan gindin tsamiya? Hancin ubanka ka ɗauko, Allah ya ba ka haƙuri."

"Ni ne, Inna. Na zo ganin lalle."

"Bai kama ba tukuna."

Bai yi gardama ba. Ya fito da kaskon daga aljihu ya ajiye a bakin tabarma.

"An kama wani masunci, Hamam. Ya ce jirgin babu kowa ya same shi. Gobe za a kai shi kotu, a ƙwace masa izinin su."

"An kama shi?" Ta miƙe zaune sosai. "Wane sakarai ne ya kama shi?"

"Ɗanki ne ya kawo ƙara."

Ta sa haƙori ta warware tsumman. Babu lalle ko ɗigo. Tafin hannuwan duka biyu a yanke suke, layi guda siriri, irin yankan da zaren fatsa kaɗai ke yi.

"To rubuta, ɗan Sakina. Ni na sace. Bawan Allahn nan ya same ni mai ya ƙare, rana tana neman kashe ni. Ya yi mini inuwa, ya ba ni ruwa, ya kawo ni gaɓa a ƙaramin jirginsa. Babban ya ce zai nemo mai ya dawo da shi. Ni na sa shi ya rantse kada sunana ya fito."

"Inna, don Allah..." in ji Dahab.

"Rufe mini baki. Shekara nawa ina roƙonka? Kullum akwai baƙi, kullum mai ya yi tsada, kullum 'Inna ai babu komai a wurin sai ruwa.' Ka kai jajayen kunne su ɗauki hoto da kifi a kan kabarin yayarka, uwarka kuwa babu wuri."

Ta juya ga Sufeto, muryar ta sauka.

"'Yata ta fari, Asha. Ta fara tafiya ke nan zazzaɓi ya ɗauke ta, ana saura kaɗan jirgin ƙaura ya zo. Ƙasar kabarin ba ta bushe ba aka kwashe mu. Ko sau ɗaya ban kai mata kasko ba. Da muna su da uban Dahab, in mun doshi wajen sai in kau da kai in juya inji, zuciyata ba ta iya ba. Yanzu da ta iya, ido ya fara tafiya. Na ce kafin ya tafi duka."

"Me ya sa ba ki kunna na'urar ba?"

"Wannan talabijin? Ban san ta inda ake kama shi ba. Na yi yadda na sani. Na saki kifin roba mai nutso, na rage wuta, na nufi wajen. Inda ya maƙale, nan ne kan dutsenmu, Asha tana gindinsa ta gabas. Kowa gudun maƙalewa yake, ni ita nake nema."

"Ya maƙale?"

"Ina fa! Saura ƙiris, sai wani la'anannen giwan ruwa ya haɗiye. Ƙato, ɗan Sakina, ya yi tsalle na ga kansa kamar na maraƙi. Uban Dahab ya mutu yana roƙon Allah irinsa bai samu ba, ni da ban gayyace shi ba ya zo mini. Na riƙe zare ina zaginsa, ya yanka ni, ya fizge sandar ya tafi da ita. Na yi ta zagaye babu fatsa, ruwan ko'ina iri ɗaya, har mai ya ƙare."

Ta taɓa bakin kaskon da ɗan yatsa.

"Da na zuba ko'ina ne. Amma in a kan kabarin wasu ne fa? Ta jira ni duk shekarun nan, in kai wa maƙwabta?"

Zahiya ta ajiye butar shayi.

"Basha, na janye ƙarar," in ji Dahab. "A saki mutumin. A bar maganar a gida."

"Hamam zai kwana a sansaninsa yau, kuma kai za ka kai shi, ka ba shi haƙuri. Amma ƙara ba ta janyuwa haka. Sata ce, ga mai laifi ta amsa." Mirgani ya miƙe ya gyara hularsa. "Kafin in rufe bincike, dole mai laifi ta kai ni inda abin ya faru, ta nuna mini da hannunta. Gobe da safe. A jirginka, da tanki cike, da talabijin a kunne."

"Gobe ina da baƙi..." Dahab ya fara, sai ya haɗiye sauran. "Babu baƙi."

Washegari rabin unguwa ta fito kallon yadda ake tafiya da Hajja Nabra. Ta sa baƙar rigarta ta fita kunya, ta miƙa wa Sufeto hannuwa a haɗe.

"Ina ankwar? Ko ni ban kai ba?"

"Ta yi miki yawa, Inna, za ta zame."

Ya riƙe ta a gwiwar hannu har cikin jirgi. Ta zauna da kaskonta a cinya. Da Sufeto ya zo zama, sai aljihunsa ya yi ƙara a jikin kujera. Ta kai hannu ta shafa, ta ji bakin wani kaskon, sabo.

"Na wa?"

"Kakata. Uwar Sakina."

Hajja Nabra ta gyaɗa kai, ta dubi kudu inda ruwa ya haɗe da sama.

"Tana kusa da Asha, ta hannun dama. Zan nuna maka. Kai Dahab, rage wuta, ba kifi muka zo kamawa ba."