Jan Zare a Wuyan Riga

Auta tana tsaye gaban madubi ta ware hannuwa, Yaya kuma tana durƙushe tana kama mata bakin riga da allura. Gobe Sarki zai zaunar da matarsa a majalisa, ya miƙa mata hatimin makarantu da asibitocin ƙasar. Ba a taɓa ba mace wannan kujera ba.

"Daina motsi, allura za ta soke ki," in ji Yaya.

Auta ta saci kallon ƙofa, sannan ta ce ƙasa-ƙasa, "Sori, Yaya." Shekara huɗu ke nan ba ta kiran wannan suna sai ta fara duba ƙofa.

Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya. Uban nasu sarki ne, amma na 'yar ƙaramar ƙasa, rawaninsa ya fi aljihunsa girma. Da ya rasu Yaya ta bar makaranta ta hau keken ɗinki, da shi ta kai Auta har jami'a. Manya suka haɗa auren Auta da yariman wani babban gida. An tambaye ta, sun zauna sau uku, ta ce ta amince, kuma kafin wata ya zagayo sonsa ya kama ta sosai.

Yaya ba ta zo bikin ba, tana can wani gari tana jinyar mijinta. Bayan ya rasu sai ga ta a fada, kan keken ɗinki a kanta an naɗe da tsohon zane, silifas ɗinta ɗaya an ɗaure da waya. Auta na falo tare da surukarta da wasu baƙi masu gwal da turare. Surukar ta dubi matar sama da ƙasa ta ce, "Wace ce wannan?"

"Telata ce, Mama," Auta ta ji bakinta ya faɗa. "Daga gida aka turo ta."

Sau ɗaya Yaya ta dube ta. Sai ta sauke keken, ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe." Aka ba ta ɗaki bayan wurin wanki.

Auta ta bi ta tana kuka. Yaya ta share mata hawaye ta ce, "Magana ta riga ta fita. In kin gyara yau za a ce amarya maƙaryaciya ce. Bari ki kafu tukuna." A cikin "tukuna" ɗin nan Auta ta samu wurin ɓuya. Yarima ya gaji ubansa, ita ta zama matar Sarki, sunanta ya cika gari, kuma kullum ta wuce ta ji ƙarar keke sai kunya ta hana ta cin abinci.

Suna cikin awon ne surukar ta shigo, Sarki na biye da ita. Auta ta juya da sauri, allura ta soke ta. Sabo ya riga Yaya tunani, ta ɗan maka mata hannu a ƙafa ta ce, "Kai Auta, ban ce ki tsaya ba?"



"Ke tela!" Surukar ta daka mata tsawa. "Matar Sarki kike duka, kina kiran ta gatsal? Lallai an sake miki fuska. Ki tattara kayanki ki bar gidan nan kafin la'asar."

"Na tuba, ranki ya daɗe," in ji Yaya, ta soma tsince alluranta.

Auta ta kau da kai. Sarki ya tsaya yana kallon ta, ya daɗe, sannan ya ce ta same shi a ofis.

Da ta shiga bai ce ta zauna ba. Ya juya wuyan rigarsa ya nuna mata: jan zare, ƙulli uku.

"Kin tuna 'yar rigarki ta firamare da kika nuna min a akwati, kika ce yayarki ta ɗinka? Na juya wuyanta, wannan alamar na gani. Ita ce a duk rigar da telarki ta ɗinka min."

Auta ta ƙura wa zaren ido. "Tun… tun yaushe ka sani?"

"Shekara uku. Na je na same ta, ta roƙe ni in yi shiru, ta ce da bakinki za ki faɗa. Na yi ta jira." Ya sauke ajiyar zuciya. "Ina sonki, kuma gobe hatimi naki ne, ba zan fasa ba. Amma yau na ji tsoronki. In za ki iya kallon wadda ta rene ki ana korar ta ki yi shiru, ni ran da rawanin nan ya faɗi, wa za ki ce ni ne?"

Auta ta juya. Da gudu ta fita, rigar da ba a gama ba tana jan ƙasa. A bakin ƙofar fada ta cimma Yaya, keke a ka, cikin tsohon zanen nan dai.

"Koma ciki, mutane na kallo," in ji Yaya. "Don Allah, yau ni ce nake roƙon ki."

Auta ta sa hannu biyu ta ɗauke keken ta aza a kanta. Nauyinsa ya kusa karya mata wuya, ba ta taɓa sanin haka yake ba. Ta kama hannun yayarta, suka ratsa tsakar gida har falon, wanda yake cike da baƙin gobe.

"Mama, wannan yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya." Hawaye na zuba tana magana. "Da wannan keken ta biya min makaranta. Na ga silifas ɗinta na ji kunya, na yi miki ƙarya. Ni ce abin kunyar, ba ita ba."

Surukar ta dafe ƙirji. Can ta ce, "Shekara huɗu ina aiken 'yar sarki ta ɗaura min maɓalli?" Ta miƙe ta kama hannun Yaya ta zaunar da ita a gefenta. "Yafe min, 'yata. Haƙurinki ya fi ƙarfina." Auta kuwa, sai da aka yi wata guda kafin surukar ta amsa gaisuwarta da sakin fuska.

Haƙuri ya ɗaga Yaya inda ba ta roƙa ba. Duk wanda ya ji kunyar nasa don ya burge na waje, kunyar da ta fi ta tana jiran sa a gaba, kuma gara ya tare ta da bakinsa.

Washegari da safe, ana saura awa ɗaya a shiga majalisa, Yaya ta dubi rigar ta ce, "Bakin nan fa ban gama ba." Ta ɗauko allura za ta durƙusa.

"Tsaya, Yaya," in ji Auta da ƙarfi, ƙofa a buɗe. Ta cire takalmi ta hau kan tebur, Yaya ta ƙarasa ɗinkin tana tsaye.