Rigar Siminti a Gidan Jan Bulo

Wayyo duniya! Ƙasar kabarin mahaifinta ba ta gama bushewa ba aka fito wa Auta da keken ɗinkinta tsakar gida, rana na dukanta, tana share hawaye da bakin mayafi... Baffanta, ƙanen uban, shi ya raba tsohon gidan jan bulon nan da kakansu ya gina. Rabon kura da akuya! Ya ɗauki gaba mai kallon titi, ya tura marainiyar Allah can baya, inda ɗakin tarkace da tsohon kicin suke. Ni dai ba na shiga sha'anin mutane, amma katanga ba ta hana kunne ji.

Yarinyar nan ta tura kekenta can baya. Ta kwashe tarkace, ta mai da ɗakin shagon ɗinki, kicin kuma ya zama inda take koya wa matan unguwa yanka da taka keke, nan take ci, nan take kwana. Baffa kuwa ya fasa falo ya yi shagunan haya, ya lulluɓe bangonsa da siminti, ya zuba masa fenti ruwan hoda kamar wadda ta yi kwalliya ba madubi. Auta ba ta da halin haka, bangonta ya zauna da jan bulonsa a fili. Matar Baffa kullum sai ta leƙo ta ce ina masu gida tsirara, ko tela ba ta iya ɗinka wa bango riga ba ne?

Daga nan fa sai abu ya yi ta hawa... Baffa ya toshe ƙofar da masu kawo ɗinki ke bi, sai sun zagaya ta lungu. Ya yanke mata famfo. Duk bai ishe shi ba, don yana son ɓangaren bayan ya mai da shi sito, sai ya je wurin masu duba gine-gine ya rantse cewa ɓangarenta ya ruɓe, zai faɗa kan mutane, a rushe shi. Ranar da labarin ya iso ta durƙusa gabansa tana kuka.

"Baffa, nan aka haife ni. In an rushe, ina zan kai kaina?"

Ya ce duniya da faɗi, ya kaɗe rigarsa ya wuce. Ta jingina goshinta da bangon tana cewa Allah kai ne gatan maraya...

Da injiniyan da suka turo ya zo, wani dattijo mai 'yar guduma, unguwa ta cika maƙil. Ya bi bangon Auta yana ƙwanƙwasawa, bulo na amsawa garau kamar kwanon tangaran. Ya tsaya yana shafa shatin yatsun Kaka da ke jikin wani bulo. Sai ya ce tunda gida ɗaya ne, bari ya duba gaban ma. Baffa ya ce ai ba sai an wahala ba, sabo ne fil. Bugu ɗaya! Bango ya yi kukan gangar da ba komai a ciki, falle guda na siminti ya zube a ƙafar Baffa, bulon da ke ƙasa a jiƙe, yana marmashewa kamar gari.

Dattijon ya ce irin wannan tsohon bulo numfashi yake, in ya sha ruwa iska ke busar da shi, simintin ne ya shaƙe shi. Ya ce irin gidan nan sun kusa ƙarewa a garin, ba mai rushe ko kusurwa. A buɗe wa yarinya ƙofarta yau, a rufe shagunan gaba, a ɓamɓare simintin da hannu, ban da inji, ko a ceto abin da ya rage.

Auta ta zube ƙasa tana hamdala, ɗalibanta na rungume da ita ana ta kuka, har ni sai da na jiƙa gefen zanena. Matar Baffa kuwa tun daga ranar ciwon kai ya kama ta, ba ta leƙe.

Yanzu masu zuwa kallon gidan ta shagon Auta suke shiga, su fito da ɗinki. Baffa yana gaba kan tsani da 'yar guduma, fari fat da ƙura, 'yan haya sun watse. Jiya na ga Auta ta kawo masa ruwa mai sanyi, ta riƙe masa tsanin.

"Sannu Baffa. A dai bi a hankali... bulon Kaka ne."