Baƙin Takalmin Roba na Dasom

Ranar da Dasom ta fara shiga shagon Gyumin mai gyaran takalmi, ta riga ta zaga kasuwar garin Busan har ƙafarta ta yi tsami. Ƙungiyarsu na shirin wasan tuna yaƙi, inda za su kwaikwayi 'yan gudun hijirar da suka kwararo garin a 1950. Riga ta samu, ƙullin kaya ta samu. Takalmi ne ya gagara.

"Gomusin nake nema," ta ce. "Baƙin takalmin roba irin na da. Shugabanmu ya ce in ya ga na zamani mai ƙyalli, fitar da ni zai yi daga layi."

Saurayin ya ɗago daga takalmin da yake ɗinki, ya dubi ƙafarta, ya dubi fuskarta, ya sake duban ƙafar.

"Malama, matan wancan zamanin ba su da irin wannan ƙafar."

"Ƙafar tawa kake zagi?"

"Yabo ne. Da ke ce, da kin riga kowa isowa Busan."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Ya auna ƙafar, ya karɓi lambarta wai don ya sanar da ita in an dace.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Na samo wani a wurin masu tsofaffin kaya. Ina taɓa shi ya ɓare kamar biskit."

"Sannu da ƙoƙari. Ka ci abinci?"

"Ban ci ba. Doguwar Ƙafa ta hana ni sukuni."

Ba a jima ba ta daina ce masa malam, ta koma Oppa, kamar yadda budurwa ke kiran saurayinta. Duk yamma in ta tashi daga makarantar da take koyarwa sai ta biyo da soyayyen kifi a takarda, su ci yana aiki tana ba shi labarin ɗalibanta.

Mahaifiyarta ce ta fara lura. Dama ba ta son zancen wasan nan. Kakar Dasom, wadda ke zaune tare da su, tana yarinya ta yi waccan tafiyar gudun hijirar da ƙafarta, kuma ba ta taɓa ba kowa labarin ba.

"Abin da ya ci rayuka kuka mayar wasa," in ji Mama. "Kada kakarki ta ji. Sannan ga Dokta Seok, likitan haƙori da asibitinsa, kin bar shi kina bin mai gyaran takalmi."

"Mama, Dokta Seok ko gaisawa muke haƙorana yake kallo."

"Gara shi. Wancan ƙafarki yake kallo."

Bayan 'yan kwanaki aka kawo wa Dasom kwali a makaranta. Gomusin ne, baƙi, marar ƙyalli, daidai ƙafarta. Sai ga saƙo daga Gyumin:

"Kyauta ce. Ki yi wasanki lafiya."

A ƙasarsu ko yaro ya san ba a ba masoyi kyautar takalmi, don an ce da shi zai taka ya tafi. Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuta, "Oppa, korata kake yi?" Shiru.

Ta dawo gida idonta jajir, ta zauna a tsakar ɗaki da kwalin a buɗe. Ba ta ji shigowar Kaka ba sai da tsohuwar ta miƙa hannu ta ɗauki ƙafa ɗaya. Mama ta fito daga kicin ta tsaya cak.

Kaka ta juya takalmin, ta shinshina robar.

"Wa ya yi wannan?"

Dasom ta faɗa mata komai, har da wasan.

"Ya iya," in ji Kaka. "Amma ya yi kyau da yawa. Nawa ba su zo ɗaya ba. Na hagu ya nutse a taɓo wajen kogi, babana ya cire nasa ya ɗaura mini da igiya. Shi da tsumma ya ƙarasa."

"Mama, ba sai kin tuna ba," in ji mahaifiyar Dasom.

"Yaushe na manta? Ku ne ba ku tambaya. Kullum kuna lallaɓa ni kamar ƙwai."

Mama ta zauna a ƙasa, ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya sauke dutse. Can ta ce, ba tare da ta kalli 'yarta ba, "Ni na je shagon yaron. Na ce in yana ƙaunarki ya rabu da ke."

Dasom ta rufe ido. Ashe ba gajiya ya yi da ita ba. Wani sanyi ya ratsa ta har tafin ƙafa.

Washegari su uku suka tafi kasuwa. Gyumin na ganinsu ya miƙe ya rusuna har ƙasa. Ya rame. Dasom ta ajiye kwabo ɗaya a kan teburinsa.

"Na saya. Ba kyauta ba ce, babu inda za ni."

Ya dubi kwabon, ya dubi Mama. Mama ta kau da kai ta ce, "Ɗauki mana. Sai na roƙe ka?"

Kaka ta nemi kujera, ta sa ya kawo takalmin maza babba da igiya, ta koya masa ɗaurin da babanta ya yi. Yana durƙushe a gabanta yana saurare har ta kai ƙarshen labarin, bai katse ta ba ko sau ɗaya.

Ranar wasa Dasom ta bi layi tana jan ƙafar hagu, Kaka na kallo daga kujerar gaba, Mama na riƙe da hannun tsohuwar. Da aka tashi, Mama da kanta ta ce wa Gyumin ya turo iyayensa.

Da bazara aka yi bikin. Bayan an watse daga zauren taro, ango da amarya suka durƙusa gaban manya cikin kayan gargajiya, suka baza farin ƙyalle don a jefa musu dabino da gujiyar dutse, kowane ɗaya da aka cafe alamar ɗa ne ko 'ya da za su haifa. Iyaye suka jefa kaɗan kaɗan. Da aka zo kan Kaka, sai ta kamfata da hannu biyu ta watsa.

"Kaka, ina za mu kai su?" in ji Gyumin yana dariya.

"Ku cika gida," ta ce. Ta dafa kansu duka biyu. "Ku tsufa a wuri ɗaya. Kada wani abu ya taɓa tashin ku daga inda kuka shimfiɗa tabarmarku."

Dasom ta laluɓo hannun mijinta a ƙarƙashin ƙyallen, ya riƙe ta gam.