Mai Ɗanɗana Ƙasa

Tun da kamfani ya binne sharar ma'adinai a bayan gonarta, bakin tsohuwa bai huta ba. Masu fararen kaya sukan zo da na'urar gano guba mai ƙarar ƙas-ƙas, su ɗebi ƙasa da ganye, su tafi ba bayani. Ciwon ƙashi ya kashe mijinta, ga jikoki ba su da abin ci sai na gonar.

Bayan magariba ta ɗauki kwando ta je tsinko alayyafo, sai ta tarar da mutum a tsugune yana ɗibar ƙasa.

"Kun dawo, marasa kunya? Kun cinye min miji! Yau sai ka faɗa min abin da kuka zuba a ƙasar nan!"

Bai juyo ba. Ƙas-ƙas na tashi, amma babu na'ura a hannunsa, daga ƙirjinsa ƙarar take fitowa. Ƙasa a jiƙe take, ba sawun kowa sai nata.

Ya ɗora ƙasar a harshe, ya tofar ta hagu. Mutum ɗaya ta sani mai yin haka kafin shuka.

"Uwar yara," ya ce, "ajiye kwandon nan."